Idan wuyan hannu ya sage bayan karaya: Darasi daga filin golf

Daga cikin tambayoyin da aka fi yi mini a bakin kanta akwai wadda ke fitowa daga mutanen da suka taɓa karyewa a wuyan hannu. An kwance musu ɗauri, likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya haɗe, amma hannun ya sage, ya ƙi lanƙwasuwa yadda suka saba. Tela ya yi mini wannan tambaya, mai tuƙa a-daidaita-sahu ya yi, uwargidan da ta kasa tuƙa tuwo ma ta yi: "Wane magani zan sha hannun nan ya saki?"

Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba. Babu ƙwayar da ke sakin gaɓar da ta sage. Atisaye yana dawo da wani kaso na motsin, wani lokaci mai yawa, amma akwai hannun da ba zai koma yadda yake ba har abada. Mai irin wannan hannu zaɓi biyu ne a gabansa: ko dai ya riƙa danne ciwon da ƙwayoyi yana tilasta wa hannun tsohon aiki, ko kuma ya sauya yadda yake aikin domin ya dace da hannun da yake da shi yanzu. A wannan mako zan kawo muku misali daga wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, domin shi na gani da idona a gidanmu.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da golf, wasan manya da masu hannu da shuni. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wasan ya daɗe a ƙasar nan. Filin Rayfield da ke Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma akwai filaye a Ikoyi da Ibadan da Kaduna da Kano da Abuja, inda za ka tarar da tsofaffin ma'aikata da sojoji masu ritaya suna takawa da sassafe. Ban da haka, golf wasa ne da ke tona asirin wuyan hannu fiye da yawancin ayyuka. Wanda ya fahimci yadda ake sauya bugun golf saboda hannu, zai iya ɗaukar dabarar ya kai ta kan keken ɗinki ko muciya.

Mahaifina ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin gwamnati. Yana da ciwon suga da hawan jini, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu babu abin da ke fitar da shi daga gida da zumuɗi kamar golf. Sau uku a mako yake zuwa. Mai zagaya ramuka 18 da ƙafa yakan yi tafiyar kilomita shida zuwa takwas, ko ma fiye, cikin kimanin awa huɗu. Ni da nake riƙe da littafin awon sugansa na san cewa wannan tafiya tana yi masa aikin da ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. Can ne kuma abokan hirarsa suke.

Wata safiya santsin tayil ya kwashe shi a banɗaki, ya kai hannun hagu don ya dafa. Ƙasusuwa biyu ne a sangalin hannun ɗan Adam, kuma wanda ke ɓangaren babban yatsa shi ne ya karye daga ƙarshensa, daidai inda yake haɗuwa da wuyan hannu. Wannan na cikin karayar da aka fi samu ga manya, har likitoci na kiran nau'inta da ya fi yawa da sunan Abraham Colles, wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan da ya bayyana ta a 1814. Aka gyara ƙashin, aka sa masa simintin asibiti da aka fi sani da POP, ya yi mako shida a ciki.

A cikin makonnin nan shida na ga abin da zama ke yi wa tsoho. Suga ya fara hawa, barcin rana ya yi yawa, magana ta ragu. Ranar da aka cire simintin ya ɗauka wahala ta ƙare, sai ga hannu ya fito siriri, fata na saɓulewa, ga shi ƙandare kamar itace.

Yana da kyau mai karatu ya san dalilin haka. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa takwas ne jere a layi biyu, ɗaure da jijiyoyi, suna zamewa a kan juna. Motsinsa iri huɗu ne: ya lanƙwasa ciki wajen tafin hannu, ya lanƙwasa baya, ya karkata wajen babban yatsa, ya karkata wajen ƙaramin yatsa. Lafiyayyen hannu yakan lanƙwasa ciki da baya kimanin digiri 70 zuwa 80 kowanne, ya karkata wajen babban yatsa kimanin digiri 20, wajen ƙaramin yatsa kuma kimanin 30. Idan gaɓa ta yi makonni ba ta motsa ba, jakar da ta lulluɓe ta takan tsuke, jijiyoyi su manne da tabon ciki, tsoka ta zube. Idan kuma karayar ta shiga cikin gaɓar, ko ƙashin ya haɗe da ɗan karkata, to akwai iyakar da motsin ba zai wuce ba komai ƙoƙari. Abin daɗin shi ne yawancin ayyukan yau da kullum, kamar cin abinci da rubutu da sa tufafi, ba sa buƙatar dukkan wannan motsi, kusan rabinsa ya wadatar.

Likitar fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ta auna hannun Baba da wani ma'auni mai kama da na auna kusurwa da 'yan makaranta ke amfani da shi. Bayan wata uku ana atisaye, hannun ya samu ci gaba sosai, sannan ya tsaya. Yana iya riƙe kofi, yana iya tuƙi, amma karkatawa wajen babban yatsa kaɗan ce ƙwarai. Wannan motsi kuwa shi ne jigon bugun golf irin wanda ya saba da shi shekara da shekaru.

Ga yadda abin yake. Mai amfani da hannun dama yakan tsaya gefensa na hagu na fuskantar inda yake son ƙwallo ta je, saboda haka hannun hagu ne ke ja-gaba. Idan ya ɗaga sanda baya, wuyan hannun hagun yakan karye wajen babban yatsa har sanda da hannu su yi kusurwa, kamar yadda mai saran itace ke ɗana gatari. Da ya sauko sai kusurwar ta warware a daidai ƙwallo, kan sandar ya yi gudu kamar bakin bulala. Sa'annan idan sandar ta daki ƙasa, girgizar takan biyo jikinta ta sauka a wannan hannu na hagu. Ke nan hannun da ya karye shi ake nema ya fi lanƙwasuwa, shi ne kuma zai sha duka.

Ranar farko da ya koma fili ya gwada tsohon bugunsa, da daddare hannun ya kumbura. Washegari ya shigo inda nake ya ce, "Uwata, abokaina sun ce akwai wata ƙwaya da ake sha kafin a fara wasa, ba za ka ji komai ba har ka gama. Ki samo mini." Na ce, "Baba, ƙwayar tana nan, amma bari in gaya muku kuɗinta na gaskiya, don ba a kanta ake biyansa ba."

Abin da na gaya masa shi zan gaya muku. Magungunan da aka fi sha don irin wannan ciwo su ne diclofenac da ibuprofen da 'yan uwansu. Suna rage zafi da kumburi, kuma suna da amfani idan an sha na 'yan kwanaki bisa shawarar likita. Amma shansu a kai a kai yana iya cin bangon ciki har ya kawo gyambo da zubar jini, yana ɗaga hawan jini, yana kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ga mai shan maganin hawan jini irin lisinopril, musamman idan an haɗa masa da maganin sa fitsari, haɗarin ga ƙoda ya fi girma. Ƙara da ciwon suga, ƙara da awa huɗu a cikin rana ana zufa ba a shan ruwa sosai. Irin wannan haɗuwa ce ke kai mutum ga na'urar wankin ƙoda, alhali kan ƙwallo aka fara.

Akwai kuma tramadol, wanda ake sayarwa a ɓoye duk da cewa doka ba ta yarda a bayar da shi ba sai da takardar likita. Yana sa jiri da dogaro, yana iya jawo farfaɗiya, kuma tun daga ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa. Sai kuma haɗin nan da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda su ce na ciwon jiki ne. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, waɗanda ke ɗaga suga, su kuma raunana ƙashi idan an daɗe ana sha. Wanda ƙashinsa ya riga ya karye ba shi da abin da zai nema a wurinsu.

Ko da a ce ƙwayar ba ta da wata illa, akwai matsala guda. Zafin da hannu ke yi saƙo ne cewa an kai iyaka. Wanda ya kashe saƙon kafin ya ɗauki sanda, kamar direban da ya cire fitilar gargaɗin mai ne don kada ta dame shi. Abin da muka tsayar shi ne paracetamol idan buƙata ta taso bayan wasa, ba fiye da giram ɗaya a lokaci guda ba, kuma kada ya wuce giram huɗu a awa 24, tare da lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi. Sai man shafawa na diclofenac a kan gaɓar, da yardar likitansa, domin abin da ke shiga jini daga fata kaɗan ne. Sai ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 10 zuwa 15.

Daga nan aka koma kan bugun. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Mai horar da 'yan wasa a filin da likitar fisiyon suka yi magana da juna, abin da ba kasafai ake yi ba, kuma shi ya fi komai amfani. Ita ta faɗi iyakar hannun, shi ya gina bugu a cikin wannan iyaka.

Gyaran farko shi ne rage nisan ɗaga sanda. Maimakon ya kai ta har bayan ƙeya, sai ya tsaya da zarar hannun hagu ya miƙe daidai ƙirji ko ya ɗan ɗara. Ƙarfin da wuyan hannu ke bayarwa a da, aka mayar da shi ga ƙugu da kafaɗu. Ya koyi juya ƙirjinsa gaba ɗaya tare da hannuwa, ya bar diddigen ƙafar hagu ya ɗan ɗaga yayin juyawa baya, kamar yadda Jack Nicklaus ya shahara da yi, ya kuma ɗan buɗe ƙafar hagun waje don ƙugu ya samu hanyar wucewa. Bugun ya zama kamar shara da doguwar tsintsiya, sanda na goge saman ciyawa ta ɗauke ƙwallo, maimakon sara da ke tono ƙasa. Wannan na da muhimmanci a wurinmu, domin da hunturu ya shigo ƙasa takan bushe ta yi tauri, duk saran da ya kauce wa ƙwallo a hannu yake ƙarewa.

Gyara na biyu a riƙo ne. Yawancin 'yan golf suna sarƙe ƙaramin yatsan dama da yatsun hagu, ko su ɗora shi a kansu. Baba ya koma riƙo da yatsu goma duka a kan sanda, wanda ke raba nauyi tsakanin hannuwa biyu. Aka sauya robar mariƙin sandunansa da mai kauri, domin mariƙi mai kauri ba ya buƙatar matsi da ƙarfi, yana kuma rage wasan wuyan hannu. Aka ce ya ɗan sauko da riƙonsa, kada gindin sandar ya zauna a tsakiyar tudun tafin hannu. A wannan tudu, ɓangaren ƙaramin yatsa, akwai wani ƙashi mai ɗan ƙugiya da ke yawan karyewa ga 'yan golf idan sanda ta daki ƙasa. Shi ne aka yi wa Bryson DeChambeau na Amurka tiyata a kansa a watan Afrilun 2022, kuma ya dawo ya lashe gasar US Open a 2024.

Gyara na uku a kayan wasa ne. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14, kuma ba ta ce dole su zama na ƙarfe ba. Sanda mai jikin girafayit ta fi ta ƙarfe rashin nauyi, ta kuma fi shanye girgiza. Dogayen sandunan ƙarfe masu lamba 3 da 4 da 5, waɗanda ke buƙatar gudu da sara, aka ajiye su aka ɗauki masu faɗin gindi da ake kira haibirid, masu zamewa a kan ciyawa. Ba a saye su rana ɗaya ba, kuma yawancinsu na hannu ne daga abokansa. Idan ƙwallo ta kusa rami, maimakon ya cilla ta sama da karya wuyan hannu, sai ya gangara da ita ƙasa-ƙasa da sanda mai lamba 7 ko 8, hannuwa a miƙe, kafaɗu kaɗai ke lilo. Idan kuwa ta faɗa cikin doguwar ciyawa ko gindin bishiya, doka ta ba shi damar cewa ba ta buguwa, ya ɗauke ta ya karɓi tarar bugu ɗaya. Tarar bugu ɗaya ta fi wata shida a gida sauƙi. Hatta ɗamarar wuyan hannu dokokin wasan sun yarda da ita ga mai dalilin rashin lafiya, muddin masu shirya gasa sun gamsu ba ta ba shi fifiko a kan sauran ba.

Komawar ma a hankali aka yi ta. Makonnin farko gangara ƙwallo cikin rami kawai yake yi. Daga nan gajeren bugu, sannan rabin bugu da ƙwallo a ɗore kan ɗan tsinken nan da ke ɗaga ta daga ƙasa, sannan ramuka tara, kafin a kai ga 18. Ƙa'idar da likitar ta ba shi mai sauƙi ce: idan ciwo ko kumburi ya kwana har safiya, to an wuce gona da iri, a koma matakin baya. Kafin ya fita yakan tsoma hannun a ruwan ɗumi na 'yan mintuna ya motsa shi ta kowane ɓangare. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi wuya a duk wannan ba a hannu yake ba. Ƙwallon da a da take tafiya yadi 200 ta koma ba ta wuce 170. Ga mutumin da ya saba abokai na jinjina masa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, har ya yi kwanaki yana cewa gara ya haƙura da wasan da ya riƙa bugun tsofaffi. Labarin Calvin Peete ne ya taimaka. Baƙar fata ne ɗan Amurka da ya faɗo daga bishiya yana yaro, gwiwar hannunsa na hagu ta karye, bai sake iya miƙe hannun ba. Sai da ya haura shekara 20 ya fara golf, amma ya ci gasa 12 a babban rukunin ƙwararru na PGA, kuma shekara goma a jere, daga 1981 zuwa 1990, babu wanda ya kai shi saita bugun farko a tsakiyar fili. Kafin shi akwai Ed Furgol, wanda shi ma hannunsa na hagu ya lanƙwashe tun yana yaro sakamakon faɗuwa, ya kuma lashe US Open a 1954. Su a gwiwar hannu matsalarsu take, amma hanyar da suka bi ɗaya ce: sun gina bugu a kan hannun da suke da shi. Hannun da ba ya yawan wasa yakan aika ƙwallo kai tsaye, kuma a golf yawan bugu ake ƙirgawa, mai mafi ƙaranci shi ke da nasara.

Mai karatu, idan kai ko wani naka na cikin wannan hali, dabarun nan suna aiki a wajen fili. Kaurara mariƙin abin da kake aiki da shi, ko muciya ce ko almakashi ko fartanya, ta hanyar naɗa masa tsumma ko roba. Yi amfani da hannu biyu inda ka saba da ɗaya. Bari kafaɗa da jiki su ɗauki nauyin da wuyan hannu ke ɗauka. Idan dafa ƙasa da tafin hannu yayin tashi yana yi maka zafi, dunƙule hannun ka dafa, don wuyan ya tsaya a miƙe. Rarraba aikin, kada ka ce sai ka gama a zama ɗaya.

Akwai kuma alamomin da ba a yi musu dabara, asibiti ake komawa. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suna dindiris ko suna mutuwa, musamman da dare, wata jijiya ce ta matse. Idan babban yatsa ya kasa ɗagawa kwatsam bayan makonni da karaya, mai yiwuwa jijiyar da ke ɗaga shi ce ta tsinke. Idan hannu na zafi kamar wuta, yana sauya launi, yana zufa, ko taɓa shi kaɗan ya zama azaba, kada a jira. Wanda ya faɗi a kan hannu yana jin ciwo a ɗan kwarmin da ke gindin babban yatsa, ko da hoton farko bai nuna komai ba, ya koma a sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14, domin akwai ƙaramin ƙashi a wurin da karayarsa ke ɓuya, jini kuma ba ya isarsa sosai. Masu zuwa wurin ɗorin gargajiya su kula: ɗaurin da ya sa yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka yi duhu, a kwance shi nan take a tafi asibiti.

Abu biyu na ƙarshe daga bakin kanta. Shan taba yana jinkirta haɗewar ƙashi. Sannan maganin ciprofloxacin da 'yan uwansa, da mutanenmu ke saya da kansu duk lokacin da suka yi zargin taifot, yana iya raunana jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi har su tsinke, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko yake shan prednisolone. Duk wanda ya wuce shekara 50 kuma ya karye daga faɗuwar da ba ta wuce tsayinsa ba, musamman iyayenmu mata da suka daina al'ada, ya nemi likita ya duba ƙarfin ƙashinsa, domin karayar wuyan hannu kan zama gargaɗi kafin ta ƙugu. A shimfiɗa roba mai hana santsi a banɗaki, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Kuɗinsu bai kai na hoton ƙashi ɗaya da ɗauri ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.